"Na Tashi Daga Aiki": Yadda Wata Mawaƙiya Ta Shata Wa Masoyanta Iyaka

Wannan nazari ya bi sawun wata matashiyar mawaƙiya 'yar Amurka daga watan Satumba na 2023, lokacin da kundin waƙoƙinta na farko ya fito ba tare da ya yi wani amo ba, zuwa watan Maris na 2025, lokacin da ta ce yanzu tana shiga cikin jama'a ba mai tare ta. Matsalar da ta cika tsakanin nan ita ce, mutanen da ke cewa suna son ta sun ɗauka son ya ba su iko da jikinta, da lokacinta, har da ƙofar gidan iyayenta.

Ba zan kama sunanta ba. Duk abin da zan kawo, ko dai ita ta faɗe shi da bakinta a hira, ko ta rubuta a shafinta, ko kuma a gaban kyamara ya faru. Amma cikin abubuwan da ta roƙa har da a daina kiran ta da sunanta na yanka, don haka na ga ya fi dacewa in bar ta a "mawaƙiyar" kawai.

## Asali: 2015 zuwa 2023

An haife ta a 1998 a wani ƙaramin gari na jihar Missouri, irin garin da kowa ya san gidan kowa. Ita ce 'yar fari cikin 'ya'ya huɗu. Tun tana 'yar makaranta take ɗora waƙoƙinta a YouTube, kuma a 2015, tana da shekara 17, wani babban kamfanin waƙa ya ɗauke ta. Sunan da take hawa dandamali da shi daga na kakanta ta aro shi, wanda ya rasu a 2016.

Tafiyar ba ta miƙa ba. A 2020, ana tsakiyar annobar korona, kamfanin ya sallame ta. Ta tattara ta koma gida na ɗan lokaci, tana aiki a wani shago inda ake miƙa wa masu mota abin da suka saya ta taga. A Los Angeles kuma ta yi raino, ta yi aiki a shagon donot. A shekarun nan ne, tana da shekara 22, likitoci suka gano tana da lalurar sauyin yanayin rai da suke kira bipolar, abin da ita da kanta ba ta ɓoye ba.

Abubuwa biyu daga wannan zamani su ne suka dawo daga baya suka zama tushen rigimar. Na farko, da gangan ta raba kanta biyu. Wadda ke hawa dandamali fuskarta shafe take da farar hoda, ga jan gashi a baje, ga tufafi kamar na almara. Ta sha faɗa cewa wannan kayan aiki ne, in an tashi sai a tuɓe. Na biyu kuwa kusanci ne. Lokacin da ba ta da kamfani, ba ta da kuɗin talla, TikTok da Instagram su ne jarinta. Daga ɗakinta take magana da mabiyanta, ba kwalliya, ba shamaki. Kafin wasa takan sanar da irin shigar da take so 'yan kallo su yi, su kuwa su zo a shirye kamar masu zuwa bikin gida. Da yawansu matasa ne da suke jin ba su da mazauni a garuruwan da suka taso, kamar yadda ita ma ta taɓa ji.

Tun a 1956 wasu masana biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan irin wannan shaƙuwa tsakanin mai kallon talabijin da wanda yake kallo. Zumunci ne mai ƙafa ɗaya: kai ka san muryarsa da dariyarsa, shi ko labarinka bai taɓa ji ba. A zamaninsu ana kashe talabijin a kwanta. Yanzu abin yana cikin aljihu dare da rana, kuma wani lokaci tauraron yakan amsa saƙo, sai mai saƙon ya ɗauka an zama ɗaya.

Kundin nata ya fito ranar 22 ga Satumba, 2023. Sai da ya yi wajen wata shida kafin ya leƙa Billboard 200, wato jadawalin kundin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka.

## Fabrairu zuwa Yuni 2024: ambaliya

Daga Fabrairu zuwa Afrilu ta zama mai buɗe fage a rangadin wata mawaƙiyar da ta fi ta suna a lokacin, tana waƙa a manyan zauruka cike da mutanen da ba don ita suka zo ba. Ranar 5 ga Afrilu ta saki sabuwar waƙa, wadda daga baya ta kai ta huɗu a Billboard Hot 100, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. A watan ne kuma ta hau dandamalin bikin kaɗe-kaɗe na Coachella a Kalifoniya, bidiyoyin wasan suka bazu kamar wutar daji. Masu sauraron ta a manhajar sauraron waƙa ta Spotify suka ninka sau da yawa cikin 'yan watanni. Bukukuwan da suka ba ta ƙaramin dandamali tun kafin ta yi suna sai ga su suna mayar da ita babba, saboda ƙaramin ba zai ɗauki taron ba.

Wanda ya shekara tara yana neman abu bai samu ba, sai ga shi cikin wata huɗu ya same shi har ya yi masa yawa. Babu wani tsari da aka tanada. Ba ta saba tafiya da masu tsaro ba, danginta suna zaune inda suka saba, suna aiki inda suka saba, kuma duk wanda ya san amfani da waya zai iya gano wuraren.

Alamar farko ta fito fili a watan Yuni, a wani wasa a birnin Raleigh na jihar North Carolina. Ana tsakiyar wasa ta tsaya, murya na rawa, ta gaya wa 'yan kallo cewa yau ba ta jin daidai, domin abin yana gudu da sauri, ita kuma ta kasa riskar sa. Ta ba su haƙuri, ta ce ba raina zuwansu ta yi ba. Aka yi mata tafi da sowa, bidiyon ya zagaya, aka yi ta tausaya mata a rubuce. A waje kuwa ba abin da ya canza.

## Yuli zuwa tsakiyar Agusta: hannunka-mai-sanda da taka birki

A watan Yuli, a wani shirin hira na intanet, ta fara bayyana abin da ke faruwa, amma cikin raha da sassauci. Ta ce wasu sun fara bin ta, sun san gidan iyayenta, sun san inda 'yar'uwarta take aiki. Ta ce tun da can ta yi wa kanta alkawari cewa duk ranar da aka fara bibiyar ta ko danginta suka shiga haɗari, to za ta ajiye waƙa, kuma ga shi an zo wurin. Matakin da ta ce ta ɗauka shi ne taka birki a kan duk wani abu da zai ƙara mata suna.

Dabarun biyu ke nan da ta fara gwadawa: ta yi nuni ba tare da ta tsawatar ba, sannan ta rage fitowa. Ko ɗaya bai yi aiki ba. Ranar 1 ga Agusta ta yi wasa da rana a bikin Lollapalooza na birnin Chicago, masu shirya bikin suka ce ba su taɓa ganin taron rana mai girman wannan ba. Cikin watan kundin nata ya hau na ɗaya a Birtaniya, ya kai na biyu a Amurka. Birkin ba a ƙafarta yake ba.

Abubuwan da suka same ta a watannin nan sai a Satumba ta zayyana su, a hirarrakin da ta yi da mujallun Rolling Stone da The Face. Akwai mai bibiyar ta da ya je har gidan iyayenta a Missouri, ya kuma gano ɗakin otel ɗinta a New York. Akwai waɗanda suka samo bayanan jirginta suka je suka jira ta a filin jirgin sama na Seattle. A watan Agusta ta fita taya wata ƙawa murnar zagayowar ranar haihuwa, aka cafko ta aka sumbace ta ba da yardarta ba. Lambar wayar mahaifinta ta fita a intanet, aka kira shi.

Akwai guda ɗaya da ya tsaya mini a rai. Ta ce ƙarfe biyar da rabi na asuba ta sauka daga mota a filin jirgi, sai ga maza biyu riƙe da tarin hotuna suna jiran ta sa musu hannu. Ta gane ba masoya ba ne, irin mutanen nan ne da ke tara sa hannun taurari su sayar. Ta ba su haƙuri, ta ce ba ta sa hannu a filin jirgi. Ɗayansu ya bi ta har layin bincike yana ɗaga mata murya, kowa ya waiwayo yana kallo. Abin da yake faɗa mata shi ne ta rage girman kai, kada ta manta inda ta fito. Mace da jakarta, gari bai waye ba, baƙon namiji yana bin ta yana yi mata wa'azin tawali'u saboda ta ƙi ba shi abin da zai sayar.

Tsoron nata yana da tarihi a ƙasar. A 1989 wani mai bibiya ya harbe 'yar wasa Rebecca Schaeffer a ƙofar gidanta a Los Angeles, abin da ya sa jihar Kalifoniya ta kafa dokar farko a Amurka da ta haramta bibiya a 1990. A 1995 shugabar ƙungiyar masoyanta ce ta kashe mawaƙiya Selena. Ranar 10 ga Yuni, 2016, aka harbe Christina Grimmie, mai shekara 22, tana tsakiyar gaisawa da masoya bayan wasa a Orlando. Duk mawaƙiyar da baƙo ya tunkaro a Amurka ta san waɗannan sunaye. A watannin nan ne mawaƙiyar tamu ta ɗauki masu tsaro.

## 19 da 23 ga Agusta: magana ba kwana-kwana

Ranar 19 ga Agusta ta ɗora bidiyo biyu a TikTok. Ba kwalliya, ba kiɗa, ita da waya kawai. Ba ta fara da labarin kanta ba, tambayoyi ta jera. In ka ga wata mata da ba ka sani ba a kan titi, za ka leƙo ta tagar mota ka yi mata ihu? Za ka je ka ce ta tsaya ku ɗauki hoto, in ta ƙi ka ji haushi? Za ka bi ta? Za ka bibiyi danginta? Za ka zauna ka yi ta tone-tone a kan rayuwarta? Sannan ta ce ita ma wannan matar ce. A bidiyo na biyu ta ce ta san an mayar da tsangwama da bibiya kamar wani ɓangare na sana'ar, amma sabo da abu bai mayar da shi daidai ba, kuma tana da ikon ta ƙi hoto, ta ƙi runguma, ko da za a ce tana da son kai.

Nan take aka rabu gida biyu. Masu suka suka ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wasu suka ce mu muka ɗaga ki, da kuɗinmu kika zama abin da kika zama, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Wasu kuma, kuma waɗannan su ne abin tausayi, matasa ne da suka ji kamar su aka nuna da yatsa, alhali iyakar burinsu su ce mata waƙarta ta taimake su.

Ba ta janye ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Ranar 23 ga Agusta ta fitar da doguwar sanarwa a rubuce a Instagram, wadda ta fi bidiyoyin tsari. Ta ce ta shekara goma tana gina wannan aiki, kuma lokaci ya yi da za ta shata layi. Ta ce ba wanda yake bin mace bashin bayani a kan dalilin da ya sa ba ta so a taɓa ta ko a yi mata magana. Sai ta kawo ma'aunin da ya zama ƙashin bayan maganar duka: idan tana kan dandamali, ko tana cikin kayan wasa, ko tana wurin taron aiki, ko tana hira da 'yan jarida, to tana bakin aiki. In ba haka ba, ta tashi daga aiki.

Ta bambance masoyan da ke mutunta ta da masu halin farauta da ke fakewa da sunan tsananin so. Ta jera roƙonta ɗaya bayan ɗaya: a daina taɓa ta, a daina takura wa danginta da ƙawayenta, a daina yanke hukunci a kan rayuwar da ba a sani ba, a daina kiran ta da sunan yanka. Ta ce ba ta taɓa jin ana son ta kamar yanzu ba, kuma ba ta taɓa jin tana cikin haɗari kamar yanzu ba. Daga nan ta rufe wurin sharhi a ƙarƙashin sanarwar, ta ce ba muhawara ta buɗe ba.

Manyan mawaƙa da dama suka tuntuɓe ta. Ta ambaci Elton John da Lady Gaga da Billie Eilish cikin waɗanda suka neme ta, ta kuma ce wata daga cikin 'yan'uwanta mawaƙa ta rubuto mata jerin dabarun da ake bi a ratsa filin jirgi ba a gane mutum ba. Wasu suka fito fili suka ce su ma abin da suke sha ke nan shekara da shekaru, tsoron a ce sun yi butulci ne ya hana su magana.

## Ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Satumba: ana wata ga wata

Ko mako guda ba a yi ba sai wata ta ɓullo. Aka sanar da soke wasanninta na Paris da Amsterdam, aka ɗage na Berlin, saura 'yan kwanaki a yi su. Dalilin da aka bayar shi ne karon lokaci. Masoya suka lura cewa ranakun sun zo daf da bikin kyaututtukan MTV, inda aka sa ta cikin masu wasa. Akwai waɗanda suka riga suka biya kuɗin jirgi da otel. Kuɗin tikiti ana mayarwa, na jirgi da otel kuwa sau da yawa ya tafi ke nan. Masu sukar sanarwar 23 ga Agusta suka samu abin riƙewa: ga wadda ta ce suna ya ishe ta, ta bar ƙananan wasanni ta tafi babban biki.

Ranar 11 ga Satumba, a kan jar darduma ta bikin, wani mai ɗaukar hoto ya daka tsawa da kalmar zagi. Ta juyo ta nuna shi da yatsa ta mayar masa da irin kalmarsa, ta ce ba da ita ba. Kyamarori suka ɗauka. A daren ta lashe kyautar sabuwar mawaƙiya.

Sai siyasa ta shigo. Zaɓen shugaban ƙasa ya matso, aka matsa mata lamba ta fito ta goyi bayan ɗan takara. Ta ce tana da ƙorafi a kan manyan jam'iyyun ƙasar biyu, aka yi mata ca. Ta fito da bidiyo ta yi bayani, aka sake yi mata ca, ta sake fitowa ta faɗi wadda za ta jefa wa ƙuri'a amma ta ce wannan ba goyon baya ba ne. Kowane bayani sai ya haifi buƙatar wani. A nan ta saki ƙa'idar da ta kafa wa kanta wata guda da ya wuce, ta koma tana amsa wa taron da ba ya ƙoshi.

A hirar da ta yi da jaridar Guardian a watan, ta ce sau biyu a mako take ganin mai ba ta shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma likita ya ce tana fama da ciwon damuwa mai tsanani. Ta ce ko kasuwar gwanjo take son zuwa, sai ta shirya masu tsaro tukuna. Ranar 27 ga Satumba ta janye daga bikin kaɗe-kaɗe na All Things Go, inda za ta yi wasa ranar 28 a New York da ranar 29 a kusa da Washington. Ta rubuta cewa abubuwa sun yi mata yawa, tana buƙatar 'yan kwanaki ta kula da lafiyarta. Kwana ɗaya tak ya rage a fara.

## Oktoba 2024 zuwa Maris 2025: ƙura ta lafa

A Oktoba ta koma dandamali. A ƙarshen watan, a wurin ƙaddamar da wani fim a Los Angeles, ta hango wani mai ɗaukar hoto da ta ce ya taɓa yi mata tsawa a wata liyafa. Ta bar inda take tsaye ta je gabansa ta ce ya ba ta haƙuri. Wannan ma aka ɗauka, aka yaɗa. A Nuwamba rahotanni suka ce ta rabu da masu kula da harkokinta, a watan ne kuma sunanta ya fito a rukuni shida na Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka.

Hasashen cewa bakinta zai kashe mata kasuwa bai tabbata ba. A Janairun 2025 BBC ta zaɓe ta a matsayin sabuwar muryar shekara, inda ta ce ta san da ta yarda an sa mata takunkumi da ta fi haka cin nasara. Ranar 2 ga Fabrairu ta karɓi Grammy ta sabuwar mawaƙiya, ta yi amfani da minti biyunta wajen neman kamfanoni su riƙa ba ƙananan mawaƙa albashin da zai riƙe su da inshorar lafiya, tana tuna yadda aka sallame ta a 2020 ba ta da ko ɗaya. Ranar 1 ga Maris ta samu kyauta biyu a Brit, bikin kyaututtukan waƙa na Birtaniya da aka yi a Landan.

A ƙarshen Maris, a wani shirin hira, aka tambaye ta yadda abin yake yanzu. Ta ce tana jin tsoron ta ake ji. Ta yi maganar da ƙarfi har ta kai mutane ba sa zuwa su tare ta.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

Nuni da sassauci sun gaza ne saboda masu kunya kaɗai suke jin su, mai kunya kuwa tun asali ba shi ne ke zuwa gidan iyayen mutum ba. Kukan Raleigh ma, a ganina, ƙara kusanci ya yi, domin duk wanda ya ga hawayenta a wayarsa ya ji kamar an ba shi amana. Taka birki kuma ya zo a makare, tunda sunan ba ita ke tura shi ba, miliyoyin mutane ne ke ɗora tsofaffin waƙoƙinta a bidiyoyinsu.

Sanarwar Agusta ta ci nasara ne, ina ga, saboda ta cire kanta daga matsayin tauraruwa ta sa kanta a matsayin kowace mace a kan titi, inda ba mai musun amsar. Sannan ta ba da ma'aunin da ko yaro zai iya aunawa: tana cikin kayan aiki ko ba ta ciki? Rufe wurin sharhi ya fi yadda ake zato muhimmanci, domin iyakar da aka bari a buɗe ana tattaunawa tayi ce ake jira a rage. Abin da ya faru a kan jar darduma kuma, duk da ni ban so kalmomin da aka yi musaya da su ba, shi ya nuna wa jama'a cewa maganar ba ta tsaya a rubutu ba.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gidan Bahaushe da zaure aka gina shi, inda baƙo ke tsayawa komai kusancinsa da maigida, ya yi sallama ya jira. A Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, an hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini, aka kuma ce in an ce ku koma, to ku koma. Hadisi ya iyakance neman izinin sau uku. Babu inda aka ce in kana son mai gidan sosai hukuncin ya faɗi. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga an dasa wa ɗan fim ko mawaƙi waya a fuska yana tsakiyar cin abinci a wurin biki, ko ma a zaman makoki, in ya ɗaure fuska gobe a ce yana da wulaƙanci.

Inda ta yi tuntuɓe kuwa, ba zan kare ta ba. Wanda ya sayi tikiti yana da haƙƙi na gaske, alkawari kaya ne. Janyewar 27 ga Satumba ta rashin lafiya ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma soke Paris da Amsterdam saura 'yan kwanaki, da dalilin da bai gamsar ba, kuskure ne daga gare ta da masu tsara mata aiki, kuma ya ba mutane damar cakuɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Kuɗin masoyi ya saya masa waƙa, da kujera, da wasa a ranar da aka ce. Bai saya masa kumatunta ko lambar mahaifinta ba. Da an riƙe na farkon da kyau, da masu neman na biyun sun rasa mafaka.

Sauran abin da sanarwa ba ta iya gyarawa shi ne ainihin mai bibiya. Wanda ya gano ɗakin otel ba rubutun Instagram ne zai mayar da shi ba, masu tsaro ne, kuma su kuɗi ake biyan su, kuɗin da ƙaramar mawaƙiya ba ta da su a lokacin da ta fi buƙata. Sannan kalmar da ta zaɓa a watan Maris tana damu na, domin tsoro ta ce, ba ta ce girmamawa ba. A hirar ta ƙara da cewa abokanta mawaƙa sukan gaya mata in suna tare da ita sai su ji kamar an kewaye su da katangar da ba a gani, ba mai zuwa ya dame su. Ma'ana, in sun rabu da ita suka kama hanyar gida su kaɗai, har yanzu ana tare su.